Sarƙar da Ta Gasa Bijimi

Zinariya ba ta taɓa yarda tana ƙyashin ƙanwarta Zulfa ba. In ka tambaye ta, cewa za ta yi ita dai lura take yi, Allah ne ya hore mata ido. Ta lura Zulfa ta sake labulen ɗaki sau biyu tun ƙaramar salla. Ta lura Zulfa ta daina cewa "maigidana", sai "Injiniya". Ta kuma lura yanzu ko atishawa Zulfa za ta yi, sai ta tsaya ta lalubo hankici a jaka tukuna.

Injiniyan nan kuwa Sagiru ne, wanda duk unguwar Limawa ta sani yana tuƙa tipar yashi. Da Jigawa ta zama jiha aka ce Dutse ce babban birni, gini ya tashi ta ko'ina, sai wani kamfani mai kafa tankunan ruwa ya sayo kiren, motar nan mai dogon wuya da ke ɗaga kaya sama. Aka tura Sagiru kwas na sati uku a Kaduna. Ya dawo da farar hular kwano, da takardar shaida a cikin gilashi, da kalmomin Turanci guda shida da yake ta juyawa kamar mai riga biyu. Daga ranar ya zama Injiniya. Har Dada, uwar su Zinariya, in ya zo gaishe ta sai ta ce a shimfiɗa wa Injiniya sabuwar tabarma.

Mijin Zinariya, Gwadabe, shi ma a kamfanin yake, shi ne mai ɗaura sarƙa. Sagiru yana can sama a ɗakin gilashi yana taɓa sanduna, Gwadabe yana ƙasa cikin ƙura. Shi zai zagaye kaya da sarƙa, ya maƙala ƙugiya, ya ɗaga hannu ya ce a ja. Hularsa rawaya ce, ta tsage ta baya ya ɗinke da waya. In ya je gaida Dada, tsohuwar tabarma ake ba shi, kuma bai taɓa lura ba. Zinariya ce ke lura a madadinsa. Ita kuma tana sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofar kamfanin, don haka kullum tana kallon yadda mijin ƙanwarta ke sama, nata yana ƙasa.

Sarƙoƙin aiki guda huɗu ne, kowacce kaurin gaɓarta ya kai babban yatsa, kuma a gida Gwadabe ke ajiye su, don rufin ɗakin ajiyar kamfani yana yoyo. Ya kafa musu turaku a bangon zaure don kada su taɓa ƙasa. Duk ranar Juma'a da safe sai ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya bi su gaɓa gaɓa da yatsa yana neman tsaga ko lanƙwasa. Yana da wani ɗan sandan ƙarfe da ya yanke daidai tsawon gaɓa goma tun sarƙoƙin suna sababbi. In ya ɗora ya ga gaɓa goma ta ɗara sandan, to sarƙa ta miƙe, ta gama aiki ke nan. Sannan ya shafe su da mai.

"Ko Mu'minatu ba ta shan mai kamar sarƙoƙin nan," in ji Zinariya, tana nufin 'yarsu.

"Mu'minatu ba ta riƙe tan biyar a saman kaina," in ji shi.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, matan aure suka cika makarantun Islamiyya, Zinariya da Zulfa kuma suka yi sauka rana ɗaya. Aka sa walima ranar Asabar a gidan Dada. Wajen shirye-shirye ne Zulfa ta gyara zaman mayafi ta ce, "Yaya, ke ki yi mana 'yar shinkafar nan taki. Nama kuma ki bar shi, Injiniya ya yi magana da wani otal a Kano, za a kawo rago gasasshe ɗungurungum. A oba, murhun lantarki, suke gasawa, ba hayaƙi."

'Yar shinkafa. Shekara tara Zinariya tana ciyar da ƙarti sittin a rana, yau ita ce mai 'yar shinkafa.

"Rago?" ta ce. "To Allah ya amfana. Ni ma dai zan ɗan gasa bijimina."

"Wanne? Wanda kike kiwo na babbar salla?"

"Shi. Ɗungurungum."

Sai da ta faɗa sannan ta san za ta yi. Gwadabe da ya ji bai ce komai ba sai "dabbarki ce", don shi ranar ma kamfani zai tura shi Ringim duba wani gindin tanki, sai Lahadi zai dawo.

Ta kira Nata'ala mahauci. Ya zagaya bayan gidan Dada, ya ga dabinai biyu da fili a tsakaninsu, ya ce a nan za a haƙa rami a zuba garwashi, a rataye bijimin a kai. Sai dai igiya ba za ta yi ba, wuta za ta cinye ta, waya kuma ba za ta ɗauki nauyin ba.

"Hajiya, sai sarƙa. Mai ƙarfi."

Ba ta je Makka ba, amma ba ta gyara masa ba. Ta ce masa sarƙa ba matsala ba ce.

Ranar Asabar da sassafe, Gwadabe na fita, ta sa Nata'ala ya sauko da sarƙar da ke turken bakin ƙofa ya tura a baro. Abin da ta faɗa wa kanta shi ne, abin da ke ɗaga tanki ba bijimi ne zai gagare shi ba. Aka zura sarƙar ta cikin bijimin, aka ɗaure a dabinai, aka hura wuta. Tun hantsi yake shan garwashi, kitse na ɗiga yana tartsatsi, tana tsaye tana shafa masa yajin da ta daka da hannunta. Wajen azahar ɗaurin gefe ɗaya ya zame, bijimin ya karkace, wajen kamu biyu na sarƙar ya kwanta cikin garwashi. Kafin a samo mazan da za su tallafa a ɗaga, ƙarfen ya yi jawur kamar a maƙera. Nata'ala ya janyo shi da ƙugiyar nama ya sheƙa masa bokitin ruwa don a samu a kama. Ya yi ƙara, tururi ya tashi, aka sake ɗaurewa, aka ci gaba da gashi.

Walima kam ta yi. Matan Limawa da na Takur, har da waɗanda ba a gayyata ba, suka yi layi da kwanuka. Ragon Kano ya iso cikin takarda mai ƙyalli, ya huce a hanya, ya zauna a gefe kamar baƙon da bai san kowa ba. Malamar Islamiyya da kanta ta nemi ƙari, a kan na Zinariya. Zulfa ta ɗan gutsuri tsoka da yatsa biyu ta ce, "Ya yi, Yaya. Sai dai hayaƙi ya ɗan kama shi." Daga baya Zinariya ta lura da ita a bayan randa tana gwaguyar haƙarƙari da hannu biyu. Wannan lurar ta fi mata saukar daɗi, Allah ya yafe mata.

Washegari ta wanke sarƙar da toka da yashi. Inda ta sha wuta launinta ya sauya, ya yi shuɗi-shuɗi kamar wuyan tattabara. Ta shafe shi da baƙin mai ya ɓace, ta mayar da ita kan turkenta. Da Gwadabe ya dawo ta ajiye masa cinya guda. Ya ci, ya sa albarka, bai tambayi yadda aka rataye bijimi ba, ita kuma ba ta ga dalilin ba da labarin da ba a tambaya ba. Litinin da safe motar kamfani ta zo ta kwashe sarƙoƙin duka huɗu, aka ce Injiniya ne ya aiko.

Kwana huɗu ta yi tana tafiya kamar ƙasa ta gidan ubanta ce. Sai ranar Laraba da rana, Gwadabe ya zo rumfarta cin abinci fuska a ɗaure. Ya zauna kan benci ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Malam, lafiya?"

"Ƙaninki ne." Haka yake kiran Sagiru in ransa ya ɓaci. "Gobe za a ɗora babban tankin Takur, an gayyaci manya. Wai sarƙoƙina sun yi baƙi, ba su dace da idon baƙi ba. Ya sa an yi musu fenti. Rawaya. Duka huɗun."

"To ai sun yi kyau ke nan."

"Kyau? Ni da ido nake aiki, Zinariya. Fenti yana cike tsaga, yana rufe launi. Yanzu ko wani ya bar min ita kusa da mai walda ta sha wuta, ta ina zan gane?"

Ta ci gaba da zuba wa wani lebura wake, ludayi ɗaya, biyu, uku, har sai da mutumin ya ce ya isa haka.

"In ta sha wuta me zai faru?" ta ce. "Ai ƙarfe ne. Da wuta aka yi shi."

"Da wuta aka yi shi, amma da awo. Can inda ake ƙera ta suna gasa ta daidai, su sanyaya ta daidai, shi ne ƙarfinta. In ta sake shan wuta, ƙarfin ya tafi, ko tana sheƙi gawa ce. In kuma wani mai wayo ya zuba mata ruwa tana ja, to ta zama tangaran. Ba za ta miƙe ta yi maka gargaɗi ba, sandana ma ba zai nuna ba. Tas kawai za ka ji."

"Ai huɗu ne. In ɗaya ta gaza, uku na nan."

Ya yi 'yar dariya. "Huɗu a ido. In kaya ya tashi, biyu ne ke shan nauyin, sauran biyun rakiya suke yi. Kuma ba ka san waɗanne biyun ba sai an ɗaga." Ya kai loma. "Ƙara min yaji."

Ta ƙara masa. Ta tambaye shi a ina zai tsaya gobe, kamar mai tambayar farashin tumatir. Ya ce in ya gama ɗaurawa a ƙasa zai hau hasumiyar ƙarfen, shi zai karɓi tankin da hannu ya saita ramukan kusoshi yayin da Sagiru ke sauke shi.

Maganar ta zo mata har maƙogwaro. Sai ta hango yadda za a yi. Gwadabe ba ya iya rufe irin wannan, kai tsaye zai je ya faɗa. Wa zai faɗa wa? Injiniya. Injiniya zai cire farar hula ya girgiza kai ya faɗi ɗaya daga kalmominsa shida. Kafin la'asar Zulfa ta ji, kafin magariba duk matar da ta ci bijimin nan ta ji cewa da kayan kamfani aka gasa shi, a ɓoye, a bayan idon miji. Zulfa ba za ta yi dariya ba ma, abin da ya fi ciwo ke nan. Cewa za ta yi, "Ayya, Yaya, da kin faɗa min ai da Injiniya ya samo miki." Zinariya ta haɗiye maganar ta bi ta da ruwa.

Har yamma tana lissafi da zuciyarta. Kamu biyu ne kawai suka sha wuta. Wataƙila cikin masu rakiya za ta faɗa. Gwadabe ma akwai shi da ƙarin gishiri in ana zancen sarƙa. Alhamis da safe yana ɗaura takalmi ta tsaya a kansa.

"Malam."

"Na'am."

"Ka... ka karya tukuna mana."

"Na makara. Sai kin zo."

Ya fita. Ta bi bayan hular nan mai ɗinkin waya da kallo har ya sha kwana.

A Takur an kafa rumfuna biyu, ta maza da ta mata, an ja igiya a tsakani yadda zamani ya kawo. Ga tankin a ƙasa, girmansa ya kai ɗaki, ga hasumiyar ƙarfe mai ƙafa huɗu tana jiransa, ga kiren an wanke shi har tayoyi. Zulfa tana sahun gaba da baƙin tabarau da mafici, duk matar da ta zo sai ta nuna mata da haɓa, "Ga Injiniya can." Zinariya tana can baya wajen kuloli, don ita aka ba aikin abincin baƙi. Daga nan tana hango sarƙoƙin a shimfiɗe kan tamfol tun safe, rawaya sharr, an jera su kamar kayan lefe.

Alhaji mai kamfani ya yi jawabi. Wani babba daga ma'aikata ya yi jawabi. Aka ba Sagiru lasifika, ya yi amfani da kalmomi biyar cikin shida, ya ce a kamfaninsu kariya ita ce gaba da komai, shi ya sa ma ya sa aka gyara kayan aiki suka koma sababbi. Aka tafa. Zulfa ta tafa da yatsu uku a tafin hannu.

Sannan Gwadabe ya fito ya sunkuya kan tamfol. Babu wanda ya tafa masa. Ya ɗauki sarƙa ta farko ya saɓa a kafaɗa, ya ɗaga kai ya dubi saman hasumiya yana auna ta da ido, yadda yake duban sama in zai ce yau za a yi ruwa. A wuyansa ta baya akwai tabon ƙuna da ya samu shekarar da aka haifi Mu'minatu. Zinariya ta tsaya tana kallon tabon, ludayi a hannu.

Ba ta san lokacin da ta ratsa kujerun mata ba. Ta dai ji Zulfa na cewa, "Yaya, ina za ki? Can na maza ne!" Ta ɗaga igiyar ta sunkuya ta wuce, ludayin na hannunta har yanzu. Wani mai jar hula ya tare ta, ta kewaye shi kamar turmi.

"Malam, ajiye ta."

Gwadabe ya juyo. "Ke lafiya? Koma, ana kallo."

"Ɗaya daga cikinsu ta sha wuta. Ni na gasa bijimi da ita."

Ta so ta faɗa a hankali, sai dai Sagiru ya matso da lasifika a hannu bai kashe ba. Maganar ta fita ta kan rumfuna biyu har bakin titi. Sai wani daga cikin leburori ya ce, "Wallahi na ci, ya yi daɗi," aka yi masa tsawa.

Gwadabe ya sauke sarƙar daga kafaɗa a hankali. Bai ɗaga murya ba, wanda ya fi duka ciwo.

"Ta yi ja?"

"Jawur."

"An zuba mata ruwa?"

"Bokiti guda."

Ya rufe ido ya buɗe. "Wacce ce?"

Nan fa ɗaya. Ta bakin ƙofa ce a zaure, amma nan babu zaure babu ƙofa, sai rawaya huɗu iri ɗaya. Ta bi su da kallo tana jin idanun mata a bayanta kamar zafin murhu. Sai ta ga wani siririn baƙin layi ya taso daga gefen tamfol, ya tsallake sarƙa ta farko, ya tsallake ta biyu, ya hau ta uku. Kiyashi ne, sun yi sahu suna shiga tsakanin gaɓoɓi suna fita. Toka da yashi ba su kai can ciki ba, fenti ma bai kai ba. Kitsen bijimi na nan.

"Waccan," ta nuna da ludayi. "Wadda kiyashi ke bi."

Gwadabe ya tsuguna, ya ciro 'yar wuƙa ya kankare fenti a gaɓa ɗaya, ya wuce gaba ya sake kankarewa, ya sake. A ta biyar shuɗin ya fito. Ya kai hanci ya shinshina.

"Har da yajinki," ya ce.

Sagiru ya gyara hula. "Yaya Gwadabe, kada mu tayar da hankalin baƙi a kan maganar mata. Sarƙar nan tan takwas take ɗauka, a rubuce yake a jikinta. Ƙarfe ne fa, ba igiyar guga ba."

"Rubutun kafin bijimi aka yi shi, Injiniya."

"Ni na yi kwas a kan wannan."

"A kwas ɗin ne aka ce a yi mata fenti?"

Alhaji mai kamfani ya taso yana jan babbar riga, ya ce manya na da wani taron, a ɗaga tanki a wuce wurin. Gwadabe ya ce ranka ya daɗe, shi ba zai hau hasumiya da wannan ba, kuma ba zai ɗaga da uku ba. Amma kada a ce maganarsa ce ko ta matarsa. Ga can ƙaton tubalin siminti da ake danne ƙafar kiren da shi, bai kai rabin nauyin da aka rubuta ba. A ɗaura masa ita ita kaɗai, a ɗaga shi taƙi ɗaya daga ƙasa. In ta riƙe, a kore shi daga aiki a gaban kowa.

Da Zinariya ta ji wannan, sai ga shi tana tsaye tana roƙon Allah sarƙa ta tsinke, ita da ta kwana tana roƙon kada ta tsinke.

Gwadabe ya ɗaura da kansa. Ya kori duk mazan da ke kusa, har manya, har Alhaji, ya ce a koma bayan motoci. Ya ja hannun rigar Zinariya ya tura ta bayan tanki, shi ma ya tsaya nan ya leƙo ya ɗaga wa Sagiru hannu. Inji ya yi gurnani. Sarƙar ta miƙe, ta yi tauri, fenti ya fara tsattsagewa yana zubowa. Tubalin ya motsa, ya rabu da ƙasa yatsa ɗaya, yatsa biyu. Sagiru ya leƙo ta taga yana murmushi, ya buɗe baki zai yi amfani da kalma ta shida.

Tas!

Kamar an harba bindigar maharba a cikin kunne. Tubalin ya koma ƙasa da wani irin dum da aka ji a tafin ƙafa. Guntun sarƙar na sama ya yi bulala ya daki wuyan kiren, rabin gaɓa kuma ya yi fito ya wuce ta saman rumfar mata, ya huda tamfol ɗin rufi ya fice. Mata suka watse da salati, kujeru suka kife. Zulfa ta miƙe, ta duba bayanta, ta sulale kan kafet.

Gwadabe ya je ya tsinci ɗaya rabin gaɓar. Bakinta fari fat, ba ta ko lanƙwasa ba, ta karye ne kamar faranti. Ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya juya ta a hannu, ya ɗaga kai ya dubi saman hasumiya, ya dubi rumfunan da ke gindinta, ya ce a ɗaga taro sai an kawo sabuwa daga Kano. Ya ƙara da cewa a kankare fentin sauran ukun yau ɗin nan. Manya dai ba su tafi ba sai da suka ci shinkafar.

Hukunci bai ɗau lokaci ba. Gwadabe zai zauna a gida sati biyu, kuma daga yau sarƙa ba ta ƙara kwana a gidan kowa, za a gyara rufin ɗakin ajiya. Sagiru kuwa, kafin a gama naɗe rumfuna, an ji shi yana yi wa wani babba bayani cewa irin wannan gwaji shi ne abin da suka koya a Kaduna. Zulfa aka yayyafa mata ruwa, aka tallafe ta aka sa a gidan gaba na motar Alhaji mai sanyi. Har wajen suma ma ita ce mai mota.

Zinariya da Gwadabe a ƙafa suka koma Limawa, yana tura baro da kuloli babu komai a ciki, tana biye. A hanya wasu mata biyu suka gaishe ta da "sannu Mai Sarƙa", ta san sunan ya zauna ke nan har jikoki. Ita da shi suka wuce gindin duwatsu, suka wuce masallaci, suka shiga zaure. Ya tsaya yana kallon turaku huɗu a bango, babu komai a kansu.

"Tun jiya kin sani," ya ce.

"Tun jiya."

"Da safe ma kin sani."

"Na ce ka karya."

"Kin ce in karya." Ya gyaɗa kai. "Me ya hana ki faɗa?"

Ta so ta ce tsoro, ta so ta ce mantuwa. Ta ce, "Zulfa."

Ya daɗe yana kallonta. Shekara goma sha ɗaya suna tare, bai taɓa gane wannan lissafin ba, kuma da alama ba yau zai fara ba.

"To ga shi ta ji a lasifika," ya ce. "Kawo min ruwa."

Ta kawo buta ta tsuguna tana zuba masa, yana cuɗa hannu yana kankare rawayan fenti daga ƙarƙashin farce. Ba zai yi mata magana sosai ba na kwana uku, ta san wannan, wataƙila huɗu. Ta zuba ruwan a hankali don kada ya ƙare da wuri, tana kallon hannuwan. Ta lura yatsu goma ne cif, duka suna motsi.

Sai da ya shiga ciki ta zauna a bakin ƙofa da butar a hannu. Can sai ta tuna wani abu. Lokacin da Zulfa za ta faɗi, sai da ta duba ta tabbatar kan kafet ne, kuma ba ta saki jakarta ba. Wannan ma Zinariya ta lura.